Haruffa Ɗari Biyu da Hamsin da Biyar

Masu karatu, wannan kashi na daɗe ina kewaye shi. Sau uku ina fara rubutawa ina gogewa. Ga wanda yau ne ya fara bibiyata, sunana Hadiyya, 'yar Alhaji Bukari mai fatu ta Zongon Sokode. Abin da zan faɗa muku ya faru ne a shekarar 2005, bayan zaɓen nan da ya bar garinmu cikin hayaƙin taya har sai da muka manta kalar sama.

Lokacin shekarata ashirin da huɗu, ina aikin buga takardu a biron, wato ofishin, wani lauya da kowa ke kira Metir. Mu biyu ne masu bugawa, ni da Salamata, wata Bakotokola mai yawan dariya wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji. Kwamfuta kuwa Musaddiq ne ya koya mini ita. Mutumin Nijar ne, yana da shagon gyaran kwamfuta a Dapaong, yana kuma yi wa masu fiton kaya na Sinkase, garin bakin iyaka, aiki. Siriri ne mai gilashi, ba ya ɗaga murya ko da wasa. Shekara biyu yana nemana, shekara biyu Baba yana cewa baƙo ne, ba mu san kabarin kakansa ba. Ni kuwa, Allah na gani, da wayata ta yi ƙara na ga "Malam" a fuskarta, sunan da nake kiransa da shi, sai in bar duk abin da nake yi in ɗauka.

A makon zaɓen ya zo gaishe da Baba karo na huɗu, da farar shadda da kwalin dabino. Hanya ta rufe, dole ya zauna a ɗakin ƙanena Awal. Awal ɗan zemijan ne, wato acaɓa, shekararsa goma sha tara, kuma shi kaɗai ne a gidanmu yake kiran Musaddiq "Yaya" a gaban Baba ba tare da tsoro ba. Ranar Laraba da hantsi suka fita, kowa da tasa hanyar. Da azahar Musaddiq ya dawo shi kaɗai, leɓensa a fashe, shaddar ta yi jar ƙasa. Ya ce masu kaki ne suka mare shi a bakin kasuwa suka sake shi, Awal kuwa bai gan shi ba. Da hanya ta buɗe ya koma Dapaong.

Awal bai dawo ba. Mashin ɗinsa aka tsinta a kwance cikin kwalbati.

Inna ta daina girki. Takan zauna bakin ƙofar ɗakinsa da rigar ƙwallonsa a cinya, ba ta kuka, ba ta magana. Baba ya zaga duk inda ake zagawa, a ko'ina a ce masa ba a san sunan ba. A cikin wannan hali ne Metir ya fara karɓar shaidar mutane a asirce: wanda aka doke, wadda aka ƙone wa rumfa, uwar da aka tafi da ɗanta. Suna zuwa da rana kamar masu neman takardar fili, mu rubuta a littafi, mu buga da Faransanci. Kowane mai shaida da shafinsa a manhajar jadawali: lamba da unguwa da rana a sama, can ƙasa kuma wani gida guda da ake zuba duk bayaninsa a ciki. Metir ya kafa doka ɗaya, ba mai karɓa ko karanta shaidar da ta shafi gidansu. Duk wanda ya ambaci Awal, wurin Salamata ake tura shi.

Wata ranar Litinin wata Shetu mai injin niƙa ta zo, ta fi awa guda a teburin Salamata. Da ta fita na ga Salamata ta kasa haɗa ido da ni. Na matsa mata, ta ce, "Hadiyya, kai ka yi haƙuri. Metir ya hana." Washegari aka ce Shetu ta kwashe 'ya'yanta ta tsallaka Gana.

Da yamma na ba Musaddiq labarin a waya, har da zuwan mai injin niƙan. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambaye ni ko na ci abinci.

Cikin mako huɗu muka tara shaida ɗari uku da goma sha biyu, a warwatse cikin fayil sama da arba'in a kan kwamfuta biyu. A kowane fayil kuma akwai shafin da ke ɗauke da cikakken sunan masu shaidar da kwatancen gidajensu. Ranar Alhamis da safe Metir ya shigo ko gaisuwa babu, ya rufe ƙofa, ya ce an tsegunta masa za a zo binciken biron kafin Asabar. Yana so a haɗa duk shafukan shaida a fayil ɗaya, ban da na sunaye, don ko an kama fayil ɗin a shingen hanya kada wani ya shiga uku. A sa a kile, wato 'yar ma'ajiyar nan da ba ta wuce yatsa ba, a goge na asali, a ƙona littattafan.

In da hannu zan kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ga wutar da ake ɗaukewa, kwana biyu ba za su isa ba. Sai na rubuta makro. Ga waɗanda ba su sani ba, makro ɗan umarni ne da kake rubuta wa kwamfuta sau ɗaya, ita kuma ta yi ta maimaita aikin da kanta. Nawa mai sauƙi ne: buɗe fayil, kwafi shafi, kai shi sabon fayil, koma na gaba. Na danna, shafuka suka fara jeruwa kamar ana shanya wanki. A na ɗari biyu da wani abu ta tsaya cak, ta ce ta kasa kwafin shafi. Na sake daga farko, ta sake tsayawa a kusan wurin. Na ɗauki waya na rubuta:

"Malam ka taimake ni. Tana kwafa sai ta maƙale bayan 200. Lokaci ya ƙure."

Minti biyar ba amsa. Sai ga shi:

"Halinta ne, in ta kwafi shafi da yawa ba hutu sai ta gaji. Ki sa ta adana, ta rufe, ta sake buɗewa duk bayan shafi 30. Ga layukan."

Saƙo uku ya turo a jere, ina karantawa a ƙaramar fuskar wayar ina bugawa harafi harafi. Na huɗu ya biyo baya:

"Ki ƙara wannan a sama, zai hana ta tsaya tana miki tambayoyi. Fayil ɗin asali fa?"

Na ce gogewa za mu yi yau. Ya ce Allah ya tsare.

Ta yi aiki kuwa. Kafin la'asar shafi ɗari uku da goma sha biyu sun cika cif. Na ƙirga su sau biyu, na buɗe kamar goma na duba lamba da unguwa da rana, duk daidai. Ban gangara ƙasa na karanta bayanan ba. Metir yana tsaye a kaina da makulli a hannu, Salamata tana bayan biro tana tura littattafai cikin wutar kurfoti. Da hannuna na goge fayilolin asali, na bi su har kwandon shara na share. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da har yau yake tashina daga barci.

Ranar Asabar aka zo, aka kwashe kwamfutocin biyu, aka manna takarda a ƙofa. Da Baba ya ji, ya kira ni zaure. Yana zaune a kan buzu, warin fatu ya cika wurin, ya rame har hularsa tana masa yawa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Na ba su ɗa ɗaya, ba zan ƙara musu da 'ya ba. Gobe ki tafi wurin gwaggonki Hajjo a Dapaong. Kuma ban yarda ƙafarki ta taka shagon baƙon nan ba."

Na ce to, Baba. Ban gaya masa cewa Metir ya riga ya damƙa mini kilen ba, da umarnin in buga komai a takarda a Dapaong, wani zai zo ya tsallakar da su iyaka ga masu bincike. Inna ce ta kitsa mini kai da safe, karo na farko da ta taɓa wani aiki tun ɓatan Awal. Na tura kilen cikin kitson, na ɗaura ɗankwali na yafa mayafi ruwan toka. Shinge bakwai muka wuce kafin Mango, a biyu aka sauke mu aka zazzage jakunkuna, ba wanda ya kalli kaina.

Gwaggo Hajjo mai sayar da wagashi ce, wato cukun nono, mace mai faɗin jiki da faɗin zuciya. Da na faɗa mata haramcin Baba sai ta ce ita idonta ba ya gani sosai in ta shiga kasuwa, kuma ba ta dawowa sai la'asar.

Shagon Musaddiq ɗan ƙarami ne, kwamfutoci a buɗe kamar an yi musu fiɗa, fanka tana kaɗa labulen roba. Da ya gan ni ya miƙe har kujera ta faɗi. Shi ma ya rame. Ya sayo mini ruwan sanyi, ya tambayi Inna, ya tambayi Baba, bai ambaci Awal ba. Na ciro kilen daga kitso na soka, na buɗe shafi na ɗaya don in daidaita shi a takarda.

Bayanin ya tsaya a tsakiyar kalma.

Na buɗe na biyu. Wata uwa ce take cewa sun shigo ta katanga, suka tambayi mijinta, sai suka, shi ke nan. Na uku haka, na hamsin haka. Duk wanda ya yi magana fiye da layi uku an datse masa harshe. Sunayen waɗanda aka tafi da su, lambobin motoci, inda aka nufa, duk a ƙarshen bayani suke zuwa, domin mutum sai ya yi kuka ya huce kafin ya kai nan.

Musaddiq ya dafe kai ya yi salati. Ya ce ya manta, wallahi ya manta. In aka kwafi shafi sukutum, duk gidan da rubutunsa ya wuce harafi ɗari biyu da hamsin da biyar sai ta yanke sauran ta zubar. Maganinsa layi ɗaya ne, bayan an kwafi shafin sai a sake kwaso abin da ke cikin gidajen a zuba a kai. Na tambaye shi ko akwai yadda za a dawo da su. Ya ce sai da na asali.

Ban yi kuka ba. Dokar Metir ta fita daga kaina, na rubuta sunan Awal na ce ta nemo. Ta kai ni shafi na ɗari da tamanin da bakwai, bugun Salamata. Ga abin da ya rage, da Hausa:

"Ina ƙofar injina suka kama wani baƙo mai gilashi suna duka. Awal ɗan Alhaji Bukari ya fito daga inda ya ɓuya, ya ce su bar shi, mai neman yayarsa ne. Babbansu ya tambayi baƙon ko ya san yaron. Baƙon ya dube shi, ya ce"

Ina jin numfashinsa a bayana. Ban waiwaya ba. Na ce, "Me ka ce, Malam?"

Ya zagayo ya durƙusa a kan siminti, ya cire gilashin. Ya ba ni labarin yana kallon ƙasa. Masu kakin sun ga katinsa na Nijar, suka ce irinsu ne aka yi haya su zo su ƙona gari. Ɗaya ya ɗora masa bakin bindiga a kunne. Awal da wasu samari suna ɓoye a bayan buhunan masara cikin ɗakin niƙa, ba wanda ya san suna nan, da ya yi shiru da ya tsira. Ya fito.

"Na ce ban taɓa ganinsa ba, Hadiyya. Suka ce in gudu. Na gudu."

Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku zage ni. A wannan lokacin tausayinsa na ji. Na tuna shingayen hanya, yadda tsoro ya rufe ni don kawai wani ya ɗaga murya. Na ce a raina wa ya san abin da bakinsa zai furta da ƙarfe a kunnensa? Na tashi na tafi gidan Gwaggo ban ce masa komai ba, amma a hanya har na fara shirya yadda zan ɓoye wa Baba.

Washegari Talata na koma da niyyar in buga abin da ya saura, ko rabin magana ce ta fi babu. Na kuma yanke shawarar zan koma Sokode in bi mutanen gida gida, don haka ina so in rubuta layin nan da ya manta a littafina, kada a sake. Da aka kira azahar ya tafi masallaci ya bar ni. Na buɗe makron da yake yi wa masu fiton kaya aiki da shi, in ga ko zan gane yadda ake rubuta shi.

Yana nan. Kwafi shafi, a ƙarƙashinsa layin sake zuba gidaje, a gefe kuma ya rubuta wa kansa tunatarwa da manyan baƙaƙe: kada a cire, yana hana yanke rubutu. Na buɗe wani fayil, yana nan. Na buɗe na uku, na makon jiya, yana nan. Layukan adanawa da rufewa da ya turo mini, daga nan ya kwashe su, kalma da kalma. Layin da ya tsallake yana tsakiyarsu. Wanda ya ƙara mini kuwa, na hana ta yin tambayoyi, babu shi a nasa ko ɗaya. Da ban sa shi ba, wataƙila da ta gargaɗe ni tun a shafin farko.

Ya dawo da carbi a hannu, ya ga abin da ke kan allon, ya tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Ba mantawa ka yi ba."

Ya ce ya san mai injin niƙan ta gan shi, kuma daga ranar da na ce ta zo biro bai ƙara barci ba. Da saƙona ya shigo, ya rubuta layin, yatsansa yana kai, sai ya goge. Ya ce shafi ɗaya kawai yake tunani, bai kawo sauran a ransa ba.

"Mutum ɗari uku da goma sha biyu, Musaddiq. Akwai tsohuwar da aka goyo a baya aka kawo ta biro. Akwai wadda ta faɗi abin da aka yi mata, abin da ko mijinta ba ta faɗa wa ba, ta ce sau ɗaya za ta faɗe shi a duniya. Na zaci ranar bindiga ce kawai ka ce ba ka san mu ba. Ranar Alhamis ɗin nan wa ya ɗora maka bindiga?"

Wannan ne karo na farko da na kira sunansa a gabansa. Na zare kilen na fita.

Gwaggo ta ga fuskata ba ta tambaye ni komai ba. Da na ce Sokode zan koma, ta ce ubana zai tsine mata, sannan ta ɗaure mini wagashi a leda ta ce in kai wa Inna. Kwana shida na yi a ɗakinta ina kwafe lambobi da unguwanni a littafi, ina ƙoƙarin tuno fuskar kowa. Na wasu na tuna. Na Salamata kuwa sai ita, ga wayarta a kashe. Musaddiq ya turo saƙo goma sha ɗaya, ban buɗe ko ɗaya ba.

Ranar Litinin da hantsi ina tasha, an ɗaure jakata a saman mota, saura mutum biyu ta cika. Sai na gan shi yana ratsowa tsakanin masu tallan burodi, rigarsa a yamutse, ko hula babu. Ya tsaya jikin tagar da nake. Na juyar da kai.

Ya ce ba gafara ya zo nema ba. Ya ce motar da aka jefa Awal a ciki ba ta masu kaki ba ce, babbar motar wani direba ce da suka ƙwace ranar suka tilasta masa tuƙi. Sunansa Mamadou, yana ɗaukar siminti zuwa Wagadugu, kuma sun san juna a Sinkase shekara uku. Sun haɗa ido ranar a bakin injin niƙa. Tun daga nan duk Talatar da motarsa za ta wuce, Musaddiq ba ya zuwa iyaka.

Ya miƙo wayarsa ta taga. Saƙon ya yi kwana goma sha tara da shigowa, an buɗe shi, ba a amsa ba.

"Yaron da ka ce ba ka sani ba, ni na san inda aka sauke shi, kuma da ƙafarsa ya sauka. Ba zan faɗa a waya ba. Ina Sinkase duk Talata har azahar."

Duk kwana goma sha taran nan Inna tana zaune a bakin ƙofar nan, ga shi gobe Talata. Na karanta shi sau biyu, na kwafe lambar a tafin hannuna da alƙalami, na ajiye masa wayarsa a kan tagar ban taɓa hannunsa ba. Na ce wa mai lodi ya sauko mini da jakata. Ya fara mita cewa mota ta kusa tashi, na ce ya sayar da kujerar.

Musaddiq ya miƙa hannu zai karɓi jakar. Na ɗora ta a kaina.

"Ina ake shiga motar Sinkase?"

Ya nuna mini can ƙarshen tasha. Na wuce gaba, ina jin takunsa a bayana, nesa kaɗan.